Nissan Silvia: don dirif aka ƙera ta, ko 'yan wasa ne suka ƙwace ta?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da wata magana da nake so masana mota su sa mini baki. Duk bidiyon gasar dirif da na buɗe, wato wasan shan kwana da mota bayanta na zamewa a karkace, na Japan ne ko na Amurka ko na Turai, sai in ga Nissan Silvia ta cika filin, wannan samfurin S13, waccan S14, ga S15 can. Ni dai abin da na ɗauka shi ne Nissan zama ta yi takanas ta ƙera motar nan don wannan wasan, domin ba yadda za a yi mota ta dace da abu haka bisa katari. To in haka ne, me ya sa suka daina yin ta, alhali har gobe rububinta ake yi?

Mai_Totur:
Wa alaikumus salam. Gaskiyarka ɗan'uwa, motar 'yan wasa ce tun daga masana'anta. Ka kalli S15 da kyau, ko a ajiye take sai ka rantse kwana take sha.

Sadauki_Nagoya:
Wa alaikumus salam. Dan_Fagge da Mai_Totur, ku yi haƙuri, lissafin shekaru kaɗai ya isa ya rushe maganar nan. Silvia ta farko ta shiga kasuwa a 1965, bayan an nuna ta a baje kolin motoci na Tokyo a 1964. A lokacin babu wani abu wai shi gasar dirif a duniya. Lambarta CSP311, kujera biyu ce, injin lita 1.6, an ɗora ta a kan ƙashin Datsun Fairlady. Da hannu ake buga bodinta, shi ya sa guda 554 kacal aka yi daga 1965 zuwa 1968. Kuɗinta yen miliyan 1.2, wanda a Japan ta wancan zamanin sai wane da wane. Motar ado ce ta masu hannu da shuni, ba wanda zai saye ta ya je yana goga ta a bango.

Daga nan sunan ya kwanta sai 1975 da aka fito da S10, sai S110 a 1979, sai S12 a 1983, mai fitilun nan masu ɗagowa daga cikin bonet. Wadda kuke gani a bidiyo, S13, sai a 1988 ta zo.

Mai_Totur:
Amma ai duk masu jan baya ne ko? To me ya rage?

Baba_Direba_504:
Yaro, a wancan lokacin jan baya ba abin a zo a gani ba ne. Fijo 504 da muka yi haya da ita tsakanin Kaduna da Zariya jan baya ce. 505 jan baya ce. Datsun 120Y da 160J da suka cika tasha, duk da tayar baya suke tafiya. Ku leƙa ƙarƙashinsu za ku ga farfela tun daga giyabos har bakaksil. In jan baya ne ke sa mota ta zama ta wasa, to mu duk 'yan wasa ne ba mu sani ba. Da damina a hanyar laka kam bayan 504 yakan yi wutsiya, amma mu salati muke yi, ba tafi ba.

Dan_Fagge:
Allah ya ƙara lafiya Baba, ka sa ni dariya. Na ji batun tsofaffin. To Malam Sadauki, S13 ɗin fa? Ita dai ai ba za ka ce mini motar ado ba ce.

Sadauki_Nagoya:
Ita ce ma ta fi kowacce. A ƙarshen shekarun 1980 kuɗi sun yi wa Japan yawa, farashin filaye da hannun jari ya yi tashin gwauron zabi, samari 'yan ofis suna da abin kashewa. Akwai wani rukuni na motoci da ake sayarwa musamman don saurayi ya ɗauki budurwarsa su fita shan iska, kuma Honda Prelude ce ke riƙe da wannan kasuwar. Prelude jan gaba ce. Nissan ta fito da S13 ne don ta ƙwace wa Honda waɗannan samarin, kuma ta ƙwace. Tallarta duk a kan kyan sura da laushin layin bodi aka yi ta. Ko sunayen matakanta daga karta aka ɗauko: J's, Q's da K's, K's ɗin ce mai tabo, wato turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Ta ci kyautar motar shekara ta Japan ta 1988 zuwa 1989, kuma an sayar da kusan 300,000. Da yawa daga cikinsu otomatik ne marasa tabo. Wanda ke shirin dirif ba ya sayen otomatik.

Hajiya_Mai_Corolla:
Wato dai motar zance ce. To Dan_Fagge, in ka samu sai ka je da ita gidan surukai, ba filin wasa ba.

Oga_Kofar_Ruwa:
Bari in shigo ta ɓangaren sana'ata. Ni na yarda da Sadauki cewa ba don dirif aka yi ta ba, amma kuma Dan_Fagge bai faɗi ƙasa warwas ba. Dubi abin da ke ƙarƙashin motar. A daidai lokacin da kusan kowane kamfani ke mayar da ƙananan motocinsa jan gaba don sauƙin kuɗi, Nissan ta bar S13 da inji a miƙe a gaba, ja a baya. Nauyinta bai kai kilo 1,200 ba. A baya ba sandar bakaksil guda ba ce irin ta motocin da, kowace taya da hannuwanta masu yawa da ke riƙe da ita, tana motsi ita kaɗai. Wannan ya sa in bayan ya fara zamewa, a hankali yake tafiya, direba na jin sa a kujera kafin ya kuɓuce. Tsakanin tayar gaba da ta baya kusan mita biyu da rabi ne, bai yi gajartar da motar za ta riƙa juyewa farat ɗaya ba, bai kuma yi tsawon da za ta yi nauyin jiki ba.

Sai inji. Da farko CA18DET ne, lita 1.8 mai tabo, ƙarfin doki 175. A 1991 suka sa SR20DET, lita 2, doki 205. Wannan SR ɗin shi ne ya gama magana. Ka canja salansa, ka sa babban abin sanyaya iskar tabo, ka ƙara masa iska da mai, sai ya ba ka ƙarfin da bai zo da shi ba, ba tare da ka buɗe cikinsa ba. Injiniyoyin da suka yi wannan aikin tabbas masu son tuƙi ne, ko da masu talla budurwa suke tunani.

Dan_Fagge:
Yauwa Oga! Ka ga abin da nake faɗa ke nan.

Oga_Kofar_Ruwa:
Tsaya tukuna, kar ka yi saurin yin guɗa. Akwai abin da ke karya maganarka a jikin motar ma. Nissan ta sa wa wasu S13 na'urar HICAS, wadda ke ɗan juya tayoyin baya kaɗan in an sha kwana da gudu, don motar ta manne wa kwalta. Abu na farko da ɗan dirif ke yi in ya sayi irin wannan shi ne ya kashe HICAS ɗin, ya ɗaure wurin da sandar ƙarfe. Na biyu, sitiyarin da ta zo da shi ba ya karyewa sosai, sai an yanke ƙarfen da ke juya tayar gaba an gajarta shi an yi walda, ko a sayi na kasuwa. Na uku, giyar tsakiyar bakaksil: ana so tayoyin baya biyu su juya tare, to mai kuɗi ya sa LSD mai ƙarfi, wato giyar da ke hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai, talaka ya kai wa mai walda ya like ta gaba ɗaya. Motar da aka yi don wasa ba sai an yi mata duk wannan tiyatar ba.

Hachiroku_Zariya:
Ina ta karatu ina jiran wani ya ambaci AE86, shiru. Jama'a ku ji tsoron Allah. Kafin a san S13, samarin Japan suna hawa hanyoyin duwatsu da dare da Toyota Corolla AE86, wadda aka yi daga 1983 zuwa 1987. Keiichi Tsuchiya, wanda ake wa laƙabi da sarkin dirif, da ita ya yi bidiyon nan na 1987 a kan hanyar dutse, wanda ya jawo aka dakatar da lasisinsa na tsere. Shi kuma Tsuchiya daga Kunimitsu Takahashi ya ɗauko salon, tsohon ɗan tseren babur da ya koma mota, yana shiga kwana da bayan mota a karkace don ya fito da gudu. Duk wannan ya faru S13 ba ta zo duniya ba. Silvia gida ta tarar an gina ta shiga.

Mai_Totur:
Injin lita 1.6 ba tabo? Wannan ai keken ɗinki ne.

Hachiroku_Zariya:
Keken ɗinkin ne ya ci kambun D1, babbar gasar dirif ta Japan, a 2002 a hannun Katsuhiro Ueo, kuma shi ne ya sake yin nasara da aka kai wasan Irwindale a Amurka a 2003, a gaban masu tabo. Mota marar ƙarfi ita ke koya wa mutum tuƙi, don ba ka da totur ɗin da zai rufa maka asiri.

Sadauki_Nagoya:
Malam Hachiroku, ba wanda ya isa ya raina AE86. Amma tunda ka kawo D1, ka faɗi ta 2001 ma. Gasar da Tsuchiya da Daijiro Inada na mujallar Option suka kafa, zakaranta na farko Nobuteru Taniguchi ne, kuma da S15 ya ci. Yasuyuki Kazama ma da S15 ya ci a 2005.

Ni abin da nake ganin ya ɗaga Silvia shi ne arha. A nan Japan akwai binciken lafiyar mota na dole, bayan shekara uku ga sabuwa, daga nan duk shekara biyu, kuma yana cin kuɗi. Mutane da dama gara su sayar da tsohuwa su sayi sabuwa. To ku tuna yawan S13 da aka sayar. Da samarin nan suka yi aure suka koma motar iyali, sai kasuwar na-hannu ta cika da ita, a kuɗin da ɗalibi mai aikin wucin gadi zai iya biya. Wasan nan kuwa wasan fasa mota ne. Wanda ke koyo sai ya daki shingen hanya, ba makawa. Yana buƙatar motar da in ya fasa yau, gobe zai samu ƙofa da bamba a bola.

Oga_Kofar_Ruwa:
Wannan batu na kayan gyara shi ne ya haifi Sileighty, wato 180SX mai gaban Silvia. A 1989 Nissan ta fito da 180SX, ƙanwar S13, ƙashi ɗaya inji ɗaya, sai dai bayanta a kwance yake mai buɗewa sama, fitilunta kuma masu ɗagowa. In yaro ya daki gabanta, gyaran fitilun nan da motocinsu ya fi tsada, sai ya je ya kwaso gaban Silvia ya ɗaura, noti ya hau noti. Abin ya zama yayi har a 1998 wani gareji mai suna Kids Heart ya haɗa sababbi aka sayar. Mu ma nan muna yin irin wannan haɗin gambizar, sai dai ba wanda ke raɗa wa namu suna.

Dan_Zongo_Abidjan:
Salamu alaikum. Kun tsallake wani abu da ya shafe mu nan Afirka. Kafin dirif, Nissan ta kai zuriyar Silvia tseren daji. Daga S110 aka fitar da 240RS don rali. Sannan S12 mai injin V6, da sunan 200SX, ita ta ci ralin Kodebuwa na gasar duniya a 1988, Alain Ambrosino ne ya tuƙa. A shekarar kuma Mike Kirkland ya zo na biyu da irinta a ralin Safari na Kenya. Saboda haka in ana neman wasan da kamfanin da kansa ya zuba wa kuɗi da motar nan, rali ne, a kan jar ƙasarmu.

Dan_Fagge:
Ikon Allah. Wannan kam sabo ne a kunnena. Na gode Malam.

Maman_Khairat:
Ku yi haƙuri in katse muku hanzari. Ina ganin yadda kuke ta yabon wasan nan, ni kuwa gabana faɗuwa yake in na ji ƙarar taya. Unguwarmu duk ranar ɗaurin aure ko kammala makaranta sai yara sun zo da motocin iyayensu suna juyi a mararraba, mutane sun yi zobe suna ihu. Akwai ranar da wata ta ƙwace ta hau kan teburin mai shayi, Allah ne ya tsare ba a rasa rai ba, amma wani almajiri ya samu karaya. Wanda ya yi abin ko tsayawa bai yi ba. Wannan ne kuke so a koya?

Ustaz_Na_Layi:
Allah ya saka da alheri Maman Khairat. Ban da haɗarin ma, a ƙone taya sabuwa cikin minti kaɗan, wannan in ba almubazzaranci ba mene ne?

Sadauki_Nagoya:
Hajiya, ba wanda zai kare abin da kika faɗa. Su ma Japanawan a titi suka fara, kuma an yi asarar rayuka, 'yan sanda suka sa su gaba. Abin da ya mayar da shi wasa mai daraja shi ne ɗauke shi daga titi zuwa fili killatacce. Akwai Ebisu a yankin Fukushima, fili ne mai hanyoyi da yawa a kan tudu, ka biya kuɗi ka sa hular kwano ka yi ta yi har ka gaji. A gasa kuma ba wanda ya riga isa ake dubawa ba. Alƙalai na duba layin da ka bi, yadda ka karkatar da motar, da gudun da ka shigo da shi, sannan a haɗa ku biyu, ɗaya na gaba ɗaya na bin sa ƙofa da ƙofa. Juyi a wuri ɗaya a tsakiyar jama'a ba shi ne wannan ba.

Bakon_Jidda:
Nan Saudiyya ma akwai nasu, tafhiɗ suke ce masa, kuma yawanci da Camry da Sonata da Accord ake yi, masu jan gaba. Mutum ya taho da mugun gudu a miƙaƙƙen titi ya riƙa wurga motar hagu da dama. An sha kwasar gawarwaki, hukuma kuma ta tsananta tara da ƙwace mota. Na kawo wannan ne don Mai_Totur ya san ba duk zamiya ce ke buƙatar jan baya ba, amma wadda ake iya sarrafawa da totur ita ce ke buƙata.

Ustaz_Na_Layi:
Ba a ba ni amsar taya ba dai.

Mai_Totur:
Ustaz, masu kilisa ma dawa dokinsu ke ci.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan Silvia. Wanda ke son muhawarar wasan mota a biki ya buɗe nasa zaren, za mu bar shi. Rabin tambayar Dan_Fagge na nan ba a taɓa ba: me ya sa aka daina yin ta?

Injiniya_Kawo:
Bari in gwada. Faɗuwar ta fara ne tun daga S14 a 1993. An ƙara mata faɗi ta kai milimita 1,730. A Japan motar da ta wuce 1,700 ta fita daga ajin ƙananan motoci masu lamba 5 ta koma ajin lamba 3, harajinta ya ƙaru, sai masu saye suka gudu. Ga shi kuma tattalin arzikin ƙasar ya riga ya faɗi, samari sun koma sayen manyan motocin iyali da na shiga daji.

Sadauki_Nagoya:
Injiniya, faɗin da ka faɗa daidai ne, amma batun haraji akwai gyara. Tun 1989 aka sauya dokar, harajin shekara ya koma bin girman inji, ba faɗin bodi ba. S14 lita 2 ce kamar S13 ta ƙarshe, don haka ba harajin ne ya kore su ba. Ido ne. Mutane sun ga ta yi ƙiba, fuskarta ta yi laushi, suka ce ba ita ba ce. Shaida kuwa ita ce 180SX mai tsohon ƙashin S13 ta ci gaba da fita daga masana'anta har 1998, tana zaune a shago ɗaya da S14. A 1996 sai da Nissan ta sake wa S14 fuska, ta sa mata fitilu masu kallon fushi.

Injiniya_Kawo:
To ko ma dai mene ne, kasuwa ta ƙi ta. Amma a wurin tuƙi ni S14 na fi so. Doki 220, ƙafafunta sun fi buɗewa, ta fi zama daram in ana gudu sosai.

Oga_Kofar_Ruwa:
Nan kam ina bayanka Injiniya. Waɗanda suka raina ta sabuwa su ne suka dawo suna nemanta tsohuwa.

Sadauki_Nagoya:
S15 ta fito a Janairun 1999, an mayar da faɗinta 1,695, ta koma lamba 5. Spec-R mai tabo doki 250 da giya shida, Spec-S marar tabo. Ita kam ana iya cewa Nissan ta san su waye masu sayenta, don har agogon tabo aka maƙala a jikin ginshiƙin gilashin gaba. Amma ta zo a makare. A shekarar ce bashi ya kai wa Nissan iya wuya har Renault ta Faransa ta sayi kashi 36.8 cikin ɗari na kamfanin, aka turo Carlos Ghosn ya rufe masana'antu ya rage ma'aikata kusan 21,000. Sannan ga sabuwar dokar hayaƙi da wa'adinta ya cika a Agustan 2002. Gyara SR20DET ya cika sharaɗin na buƙatar kuɗi, motar kuma ba ta sayuwa da yawan da zai mayar da su. A wannan watan aka rufe S15, tare da Skyline GT-R R34, da Toyota Supra, da Mazda RX-7. Duk rana ɗaya aka yi musu sallah.

Dan_Fagge, rububin da kake gani na tsohuwa ne. Kamfani ba ya cin ko sisi in an sayar da motarsa hannu na biyar.

Dan_Fagge:
Amma Malam Sadauki, kai da bakinka ka ce S15 an yi ta ne da sanin masu wasa. Ashe ko ba a fara don su ba, an ƙare don su. Ni a nan na tsaya.

Hachiroku_Zariya:
Kuma da aka yi don su ɗin ba su saya ba, sai da ta tsufa. Toyota ce ta yi ƙarfin halin dawo da irin wannan motar a 2012 da motar da ta kira 86, ita da Subaru. Nissan ta nuna samfurin irin wannan motar mai suna IDx a Tokyo a 2013, kowa ya yi ta murna, shiru kake ji har yau.

Dan_Damagaram:
Sannunku da hira. Ni tambayata ta kasuwa ce. In mutum na so ya shigo da ita ta Kwatano, wacce zai nema? Na ga wasu suna rubuta 200SX, wasu 240SX, kaina ya ɗaure.

Injiniya_Kawo:
Sunan ya danganta da inda aka sayar. A Turai 200SX ce: S13 ɗinsu mai CA18DET ce, S14 kuma SR20DET, kuma akwai masu sitiyari a hagu irin namu. A Amurka 240SX ce, daga 1989 zuwa 1998, sitiyari a hagu, amma ba tabo, injin KA24 lita 2.4 suka sa mata, doki 140 da farko, daga baya 155. S15 kuwa Japan da Ostareliya da New Zealand kawai aka kai ta, duk masu sitiyari a dama. A Najeriya tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama a titi ba. Ga kuma dokar shekarun motar da za a shigo da ita. Ka binciki yadda abin yake a wajenku kafin ka saki kuɗinka.

Oga_Kofar_Ruwa:
Kar ku raina KA24 ɗin nan. Amurkawa sun yi ta cire shi suna sa SR suna ce masa injin akori-kura, kuma gaskiya ne, danginsa ne ke cikin Nissan fikof da bas ɗin Urvan. To mu nan wannan ai alheri ne. Bulok ɗinsa ƙarfe ne, yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, kuma ringi da fistin da gasket ɗinsa ba sai ka yi oda daga waje ba. SR20DET in ka matsa masa juyi fiye da kima, ƙarafan da ke danna bawul suna tsalle su bar wurinsu, ka zo ka yi ta neman kaya. Kuma kar wani ya ce zai ciro SR20 daga Primera ya sa. Wancan a gicciye yake zaune don jan gaba, mazauninsa daban, ba ya hawa haka kawai.

Abuja_E36:
Ni fa duk wannan tarihi na ji, amma a ƙasa abin da ke akwai shi ake wasa da shi. Je ka inda ake taron masu motoci a Abuja ko Legas ka ƙirga Silvia nawa za ka gani. BMW E30 da E36 da E46 ne, sai Marsandi 190 da Lexus IS. Dalilin da Sadauki ya bayar na Japan shi ne namu: su ne masu jan baya da suka yi arha, kayansu kuma na nan a Apo da Ladipo da Panteka. A Afirka ta Kudu ma E30 ce sarauniyar masu juyi. Da Beljiyam ta cika mu da 200SX yadda ta cika mu da BMW, da wani labarin ake yi.

Mai_Totur:
To amma manyan duniya fa? James Deane ɗan Ailan ya ci Formula Drift ta Amurka sau uku a jere, 2017 da 2018 da 2019, da S15.

Hachiroku_Zariya:
Ka buɗe bonet ɗin motar tasa ka gani. 2JZ ne a ciki, injin Toyota Supra. Ƙwarya ce ta Nissan, furar ta Toyota.

Oga_Kofar_Ruwa:
Wannan ma yabo ne ga Silvia in ka duba. Ɗakin injinta na da faɗin da zai ɗauki silinda shida a jere, ya ɗauki V8 na Amurka. Mutum ya zubar da inji da giyabos da bakaksil, ya riƙe ƙashin, ai ka san inda darajar take.

Dan_Damagaram:
To nawa ake samun mai lafiya yanzu?

Sadauki_Nagoya:
Ba zan sa lamba a nan ba don farashin gwanjo na motsi kullum, amma ka cire batun arha a ranka. Amurka na da dokar da ta hana shigo da irin waɗannan sai sun cika shekara 25, kuma S15 ta fara cikawa a Janairun 2024, dillalansu sun daɗe suna saye suna ajiyewa. Waɗanda suka rage kuma da yawa an fasa an gyara. In za ka saya, ka sa a ɗaga kafet ɗin but a duba ko an ja ƙarfen baya, a leƙa inda shokazoba ta gaba ke ɗaure a ga ko tsatsa ta ci, a kuma duba takardar gwanjo ko an rubuta mata tarihin haɗari. Mai otomatik marar tabo da wata tsohuwa ta ajiye a gareji ta fi mai fenti mai ƙyalli da fiffike a baya.

Hajiya_Mai_Corolla:
Wato an dawo kan ta zancen dai.

Abuja_E36:
Oga_Kofar_Ruwa, tunda kana nan, E36 ɗina na zafi in na daɗe ina riƙe da totur a giya ta biyu, na canja lagireto bai daina ba. In turo maka hoto ta akwatin saƙo?

Oga_Kofar_Ruwa:
Turo. Ka haɗo da hoton fanka da na murfin lagireton, kuma ka gaya mini ko an taɓa cire masa tamostat.